Taku Goma Sha Ɗaya Zuwa Rijiya

"Tsoro nake ji, Kaka," in ji Ermete. "Tun jiya nake neman yadda zan gaya miki, sai yanzu bakina ya yarda."

Kaka Domitilla ba ta waiwayo ba. Tana durƙushe gaban murhu tana hura wuta, hayaƙi yana tashi a hankali yana bin hasken da ya shigo ta taga.

"Tsoron me? Kare ne ya bi ka, ko takalmin birni ne ya matse ka?"

"Tsoron yau. Za a kira sunan gidan nan a gindin bishiya, in miƙe a gaban jama'a, in buɗe baki, a rasa abin da zai fito."

Ranar idin Mala'ika Mika'ilu ce, ƙarshen watan Satumba, ranar da mutanen garin Pratarolo suke cin abincin bankwana kafin makiyaya su gangara da tumaki zuwa filayen bakin teku. Gajimare ya kwana a cikin kwarin bai tashi ba, har garin ya zama kamar kwalekwale a kan farin ruwa. Daga can ƙasa ana jin ƙararrawar wuyan raguna, amma ba a ganin ko ɗaya.

Ermete saurayi ne ɗan shekara ashirin, mai diflomar awon ƙasa, wanda ba ya sa hannu a takarda sai ya karanta ta sau biyu. Dokokin waƙar garinsu ya san su kamar yadda ya san ma'auninsa. Baiti ƙwar takwas ne, kowane ɗango gaɓa goma sha ɗaya. Ɗango shida na farko amo biyu ne suke karɓa-karɓa, biyun ƙarshe kuma su sauka a kan sabon amo. Wannan amon na ƙarshe shi mawaƙi yake bar wa abokin karawarsa, shi kuwa dole ya buɗe nasa baitin da shi, ya kawo shi sau uku, a ɗango na ɗaya da na uku da na biyar, ba tare da ya maimaita kalmar da aka riga aka rera ba. Haka za a yi ta miƙa wa juna har rana ta sunkuya. Amon da aka rufe taro da shi kuma ba ya mutuwa, yana nan yana jira shekara guda, da shi za a buɗe na baɗi. Sarƙa suke kiran abin, kuma shekara sittin da ɗaya ke nan ba ta tsinke ba.

Bara, mawaƙa biyu kaɗai suka rage a garin: kakansa Anacleto, da Venanzio mai yin cuku, abokin karawarsa tun suna samari. Venanzio ne ya rufe taro. Ya dubi Anacleto, wanda tari ya riga ya cinye rabin ƙirjinsa, ya rera:

Tumaki sun nufi bakin rijiya,
Abokina, sai baɗi da lafiya.

Anacleto bai ga baɗin ba. An binne shi a watan Fabrairu, ƙanƙara tana zuba a kan akwatin. Amon da aka bar wa mamaci kuwa gidansa yake komawa, kuma namijin da ya rage a gidan shi ne Ermete.

Ya zaro wani ƙaramin littafi daga aljihun kwat ɗinsa ya ajiye a kan tebur, ya daidaita shi da gefen teburin.

"Wata bakwai ina kan wannan aikin," ya ce. Da harshen makaranta yake magana, kamar kullum, ita kuma tana amsa masa da harshen dutse, wato yaren ƙauyensu. Shekara tara ke nan suna haka, tun da aka kai shi makarantar kwana a birni, inda malami yake buga wa yaro rula a hannu in kalmar ƙauye ta kuɓuce masa. "Na bi ƙamus shafi-shafi, tun daga farko har ƙarshe. Kalma biyu kaɗai na samu masu sauka a kan amon nan. Ɗaya sunan ciwon hanta ce, ɗaya kuma sunan wani tsibiri da ban san wanda ya taɓa zuwa ba. Ta uku sai da na lanƙwasa wata kalmar da ƙarfin tsiya. Tunda kuma sai a wurin ake ba da abin da za a yi waƙar a kansa, na tanadi baiti tara, ko wanne aka zaɓa in sami na kusa da shi."

"Tara," in ji tsohuwar. "Duka da ciwon hanta a ciki?"

"Duka."

"Da tsibirin?"

"Babu yadda zan yi, Kaka."

Ta miƙe tana dafa gwiwa, ta share hannu a zanin gabanta. Kafaɗunta suna motsi, ya ɗauka tari ne, sai daga baya ya gane dariya take dannewa.

"Abin da ya fi damuna," ya ci gaba, muryarsa ta yi ƙasa, "shi ne muguntar. Kawu Venanzio ya ga halin da Kaka Anacleto yake ciki. Ya ga numfashinsa ba ya kaiwa ƙarshen ɗango. Duk da haka ya zaɓo amon da ya fi kowane tsauri ya ɗora masa, har da yi masa fatan lafiya a gaban mutane. Shekara hamsin suna cin abinci a tebur ɗaya."

Domitilla ta dube shi. Daga nan ta juya ta ɗora tukunyar tagulla a kan wuta, ta zuba ruwa da gishiri.

"Ka san doka," ta ce. "Ba a sa wa mawaƙi kalma a baki. Wanda ya yi haka ya ɓata waƙar, ya ɓata gidan. Saboda haka kada ka tambaye ni komai. Amma tunda kana tsaye kamar sandar lantarki, ka yi mini amfani. Miƙo mini rariya."

Ya ɗauko ta daga ƙusa ya miƙa mata. Ta tankaɗe garin masara, launin ruwan ƙwai yana sauka a akushi kamar yayyafi.

"Muciya."

Ya ɗauko.

"Ka zubar mini da gari a ƙasa, malam mai awo. Ina tsintsiya?"

Ya nufi bayan ƙofa, ya kama tsintsiyar, sai hannunsa ya tsaya a kanta. Wani abu ya gilma masa a kunne, kamar mutum ya ji an kira sunansa a kasuwa ya juya bai ga kowa ba. A harshen makaranta kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan da irin ƙarshen sunansa, babu mai kama da wani. Amma ba da harshen makaranta aka aike shi ba.

"In ka gama shara," in ji ta, tana juya tuwon ba ta dube shi ba, "ka ɗauki guga da igiya ka kawo mini ruwa. Ka leƙa garke kuma ka ga tsohuwar tunkiyar nan, jiya ba ta ci ba. Ka yi sauri tun da sauran safiya."

Ermete ya zauna a kan benci ba tare da ya yi niyya ba. Ya dubi bangon ɗakin, da kayan da suke rataye a jikinsa tun kafin a haife shi. Rabinsu a kan amon Venanzio suke sauka. Wata bakwai yana kwana yana tashi a tsakiyarsu, yana ƙona idonsa a kan ƙamus.

"Kaka," ya ce, "ashe amon..."

"Ni ban ce komai ba. Aike na yi."

"Ashe ba tsauri gare shi ba."

"A littafinka yana da tsauri." Ta ɗaga muciyar ta duba kaurin tuwon. "Jariri ma in ya yi kuka a gidan nan, a kan amon yake saukewa. Venanzio ba shi da kunya, ba shi da haƙori, cukunsa kuma gishiri ya yi masa yawa, amma ba mugu ba ne. Ya ga abokinsa ba zai iya hawa tudu ba, sai ya shimfiɗa masa gangara. Kakanka ya gane. Da muka dawo gida ran nan, sai da ya zauna a nan inda kake zaune ya yi kuka, yana zaginsa."

"Yana zaginsa?"

"To, gode masa zai yi? Tashi ka kawo ruwan."

Ya ɗauki gugan ya fita. Gajimaren ya hauro har tsakar gida, ya haɗiye katanga da garke da bishiyoyin maƙwabta, bai bar komai ba sai ƙofar gidan da bakin rijiya da 'yar hanyar dutse da ke tsakaninsu. Ermete ya san tsawon hanyar nan, domin da ya dawo da diflomarsa, gidansu ya fara aunawa don gwada kayan aiki. Mita bakwai da santimita saba'in. Ya rubuta a littafi, ya ja layi a ƙarƙashi.

Muryar kakarsa ta biyo shi ta taga. "Shekara hamsin kakanka yana sintiri a kan hanyar nan, bai taɓa kawo mini ko kofi ɗaya na ruwa ba. Ya je, ya dawo, ya je, ya dawo, yana gunaguni. In ya yi sau takwas sai ya shigo ya ce a ba shi abinci, wai ya yi aiki."

Ermete ya dubi ƙasa. Duwatsun hanyar sun lotsa a wasu wurare, sun yi santsi kamar cikin cokali, raɓa ta taru a kowane gurbi. Ya sa ƙafa a na farko, sai ɗayar ƙafar ta sami na biyu da kanta. Takun ya fi nasa faɗi kaɗan, na mutum ne da ya saba bin garke. Ya bi su yana ƙirgawa a zuci, domin ba ya iya barin ƙirga. Ƙafarsa ta taɓa bakin rijiya a kan na goma sha ɗaya.

Ya ajiye gugan. Ya juya ya koma. Goma sha ɗaya.

Shi da yatsu yake ƙirga gaɓa, da fensir, yana saka ɗigo a kan kowace. Bai taɓa tambayar kansa yadda mutumin da bai iya rubuta sunansa ba yake cika awo ba tare da kuskure ba. Ya sake juyawa. A zuwa na uku sai ya ji karin waƙar yana tasowa daga tafin ƙafarsa, karin nan mai jan numfashi da ake rera kowane baiti da shi, mai hawa a taku na huɗu ya sauka a na goma. Ba shi ne ya ɗauko shi ba. Kamar a cikin duwatsun yake kwance yana jiran nauyin mutum. A cikin farin gajimaren ya ga kamar akwai wani a gabansa da taku ɗaya, mai faɗin kafaɗa, hannaye a baya, yana warin taba da ulu. Bai ɗaga kai ya tabbatar ba, don kada ya ga babu kowa.

Leɓɓansa suka motsa. Kalmar da ta fito ta harshen dutse ce, ta fito a karkace kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ya ji kunya ko da yake babu mai jin sa. Ya sake faɗinta, ta ɗan miƙe.

Bai san tsawon lokacin da ya yi ba. Ƙararrawar coci ce ta dawo da shi, ya tarar gajimaren ya janye zuwa ƙasan kwari, rana ta haske rufin gidaje, gugan kuma yana nan a bushe.

"Jini ɗaya ne," in ji Domitilla daga bakin ƙofa. "Ba ruwa, ba kunya. Shigo ka sa rigar kirki."

Bayan an fito daga coci aka jera tebura a gindin tsohuwar bishiyar tuffa da ke bayan dandali. Aka juye tuwon masara a kan allunan katako, aka zuba miyar naman rago a tsakiya, kowa ya ci daga gefensa yana nufar naman. Tulun ruwan inabi yana yawo daga hannu zuwa hannu. Lokaci-lokaci tuffa takan faɗo a kan tebur, wani ya ɗauka ya goge a riga. Mutanen ba su kai na bara yawa ba, kuma na bara ba su kai na shekarar da ta gabace ta ba. Gidaje da dama an rufe su da kwaɗo, masu su suna aiki a masana'antun arewa. A aljihun Ermete ma, bayan littafin baitocinsa tara, akwai wasiƙar ɗaukar aiki daga wani ofishin awon ƙasa a birnin Torino, can arewa. Ranar Litinin ta sama zai fara, kuma garin duka ya sani.

Venanzio yana zaune a ƙarshen tebur, ɗan tsamurmurin tsoho mai farin gashin baki, hularsa a kan gwiwa. Kusa da shi an bar kujerar Anacleto babu kowa a kai. Da ya hango Ermete sai ya ɗaga kofi.

"Ga injiniya nan. An ce ka auna amon nawa da tef, ka tarar ya shiga gonar wani."

Mutane suka yi dariya. Ermete ya ji kunnuwansa sun yi zafi.

"Barka da idi, Kawu Venanzio."

"Me ya kumbura maka aljihu haka? In takarda ce, ka sani a nan cuku muke naɗewa da ita."

"Ƙyale yaron ya haɗiye lomarsa, tsohon banza," in ji Domitilla daga teburin mata. "Kai da aka haifa da baki kafin ido."

"Ni da ke sai a lahira, Domitilla. Can ma ki zo da miyarki, ki bar harshenki a gida."

Da aka kwashe alluna, Fada, limamin cocin garin, ya miƙe ya buga cokali a jikin kofi. Ya ce dattawa sun zaɓi abin da za a kara a kansa bana, mai tafiya da mai zama. Venanzio zai tsaya wa mai zama, gidan Anacleto zai tsaya wa mai tafiya, kuma gidan Anacleto ne da buɗewa. Ya maimaita ɗango biyun bara don kowa ya tuna, ya zauna.

Ermete ya miƙe. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa ya taɓa littafin. Baiti na shida a kan tafiya yake, ya san shi da ka, awonsa cikakke ne, har tsibirin ma ya dace da wurin. Zai iya rera shi, a tafa masa don ladabi, sarƙa ta wuce. Ya dubi kujerar da babu kowa a kai. Ya cire kwat ɗin gaba ɗaya, ya ninke shi a hankali, ya ɗora a kanta.

Ya buɗe baki, babu abin da ya fito, daidai yadda ya faɗa da safe. Ya ji iska a cikin ganye, ya ji wata tuffa ta faɗi ta gangara. Wani ya yi gyaran murya. Ƙafafunsa ne suka cece shi. Suka ɗauke shi daga gindin bishiyar suka nufi katangar coci da faffaɗan takun nan da ba nasa ba, karin ya taso, maganar ta biyo baya da harshen dutse:

Na zo da awo, na tad da safiya
Ta riga ni hawa dutsen garinmu.

"Yana auna filin coci," wani ya raɗa, aka ce masa ya yi shiru. Ermete ya juya a bakin katanga ya dawo, ya sake juyawa.

Kaka na juya tuwo da muciya,
Hayaƙinta na kiran mamatanmu.
Ni aka bai wa rabon tafiya,

A nan maganar ta ƙare, ƙafarsa kuwa tana da sauran taku ɗaya. Ya ji gurbin kamar ramin haƙorin da aka cire. Da a takarda ne da ya soke ɗangon ya sake. A nan babu sokewa. Ya taka na goma sha ɗayan shiru, ya juya.

Inda ba wanda ya san sunayenmu.
Na kama, tsoho, hannu yana rawa,
Ga naka bakin, in kana iyawa.

Ya tsaya a gindin bishiyar, gumi ya jiƙa masa riga. Ba a tafa ba. Wata tsohuwa ta yi alamar gicciye. Domitilla tana kallon tafin hannunta kamar ta ga wani sabon abu a ciki.

Venanzio ya ajiye kofi, ya gyara gashin baki da bayan yatsa. "In kana iyawa," ya maimaita. "Ku ji mini ɗan tsako." Bai miƙe ba, ya dai jingina ya rufe ido, siririyar muryarsa ta tashi kamar zare:

Yaro ya zo da taku na gaggawa,
Ɗan boko mai takarda a aljihu,
Gaɓarsa ɗaya ta faɗa ciyawa,

Dariya ta ɓarke har ba a ji sauran baitin sosai ba. Mutum biyu suka sunkuya suna yi kamar suna neman gaɓar a ƙarƙashin tebur. Ermete ya tarar shi ma yana dariya, kuma kunnensa, ba tare da ya umarce shi ba, ya riga ya kama amon da tsohon ya bari a ƙarshe.

Daga nan yinin ya zama kamar mafarki. Ya je, ya dawo, inuwar bishiyar tana tafiya tare da shi. Ya yi tuntuɓe sau da yawa. Sau ɗaya kalmar makaranta ta shigo masa tsakiyar ɗango, jama'a suka yi mata ihun kora kamar akuya ta shiga lambu. Sau ɗaya kuma wata kalma ta zo bakinsa wadda bai san ya sani ba, sunan iskar da take saukowa daga dutse kafin ƙanƙarar fari, ya ga dattawa sun dubi juna. Venanzio ya yabi murhu da makabarta da ruwan da mutum ya san ɗanɗanonsa. Ermete ya kare jirgin ƙasa da albashi da fitilun titi, ya yi mamakin yadda harshen dutse ya ɗauke su duka ba tare da ya karye ba. A ciyawar da ke tsakanin bishiya da katanga wata 'yar hanya ta fara fitowa.

Da rana ta sunkuya, haskenta ya koma launin zuma, makiyaya suka fara duban hanyar garke. Muryar Venanzio ta dushe, yana shan ruwa tsakanin ɗango da ɗango. Baitin rufewa nasa ne. Ya ɗaga hannu, ba don ya rera ba.

"Ku saurara," ya ce. "Bara na bar wa abokina amo mai laushi, irin abincin da ake dama wa marar haƙori. Bai zo ya ɗauka ba, ya aiko jikansa. Yaron ya ɗauka, ƙafa ɗaya gurguwa, amma ya ɗauka. Na gode masa." Ya juya hularsa a kan gwiwa. "Yanzu ni zan bar amo, in bar wa wa? Shi Litinin yana Torino. Wanda ya tafi can, shekarar farko yakan zo, ta biyu ya aiko kati, ta uku shiru. Ba na so amona ya kwana a gindin bishiyar nan yana jira kamar kare a tasha. Gara in kulle da hannuna."

Kowa ya san abin da yake nufi. Mawaƙi yakan kulle sarƙa ne in ya sauke ɗango biyun ƙarshe a kan kalma ɗaya tak, ya faɗe ta ya sake faɗinta, don kada a sami bakin da za a kama. Garin da ke tsallaken kwari sun kulle tasu shekara biyar da suka wuce. Yanzu rediyo suke ɗorawa a kan tebur ranar idi.

Babu wanda ya yi gardama. Fada ya sunkuyar da kai. Venanzio ya ja numfashi ya fara, ya bi ɗango shida a hankali kamar mai sauka daga tsani. Ermete yana tsaye a bakin katanga, ƙafarsa tana motsi a cikin takalmi tana ƙirgawa. Ya dubi kwat ɗinsa a kan kujerar kakansa, da kusurwar wasiƙar da ta leƙo daga aljihu. Ya dubi 'yar hanyar da ya taka a ciyawa, wadda ruwan sama biyu zai shafe. Can ƙasa gajimaren ya fara taruwa a cikin kwari, yana shirin haurowa.

Tsohon ya kai ƙarshen ɗango na shida, ya buɗe baki zai shiga na bakwai.

"Dakata, Kawu."

Ba a katse mawaƙi a tsakiyar baiti. Duk kawuna suka juyo. Ermete ya ji tsoron safiya ya dawo masa gaba ɗaya. Ya tako zuwa gindin bishiyar, ya tsaya a gaban tebur, ya yi magana da harshen dutse, a hankali, yana ajiye kowace kalma a wurinta.

"Kada ka kulle. Torino zan tafi, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma na duba jadawali tun makon jiya, jirgi biyu ne da mota ɗaya, in na taso daren Juma'a ina nan kafin a fito daga coci. Ka bar mini amon. Baɗi war haka ina gindin bishiyar nan, da baɗin waccan, har ranar da zan sami wanda zan bar wa nawa. Kuma kada ka dama mini na marar haƙori, Kawu. Ka bar mini wanda ya fi kowane tsauri a cikin kanka, ni zan ɗauka."